Zogale a Gwangwanin Madara

Cibiyar jikata ta faɗi, kuma ba wanda ya gaya mini. Sai da na buɗe kwandon shara zan jefa ƙunzugu na gan ta a ciki, baƙa, a bushe, da ɗan abin robar nan da asibiti suke matse ta da shi. Na tambayi mai jegon, wato 'yata, ko faɗuwa ta yi ba a lura ba. Tana kishingiɗe tana danna waya, ta amsa mini da Turanci kamar yadda ta saba, wai ita ta jefar, ai busasshiyar fata ce kawai. Na sa hannu na ɗauko, na ƙulle a gefen mayafina. Falon nata cike yake da shuke-shuke har saman firji, kowacce da tukunyarta mai sheƙi, kuma wayar ce take gaya mata ranar da za ta ba su ruwa. Na tsaya a tsakiyarsu ina dubawa, babu ko ɗaya da za ka tsinka ka sa a miya. Tun ranar nake ta tuna wata taga a Tottenham, unguwar da muka fara zama a nan ƙasar Turawa, da matan da muka yi zama tare, da wani gwangwanin madara. Ban yi karatu mai nisa ba, hannuna bai saba da biro ba, amma abin ya tsaya mini a ƙirji, shi ya sa na zauna nake rubutawa.

Ina yarinya sosai aka kawo ni ƙasar nan, da ƙaramin ciki. Malam, maigidana, karatu ya zo yi, karatun ya rikiɗe ya koma aiki, kuma duk lokacin da na yi maganar gida amsarsa ɗaya ce, baɗi in Allah ya yarda. Saboda baɗin nan ko kujerun kirki ba mu saya ba, rabin kayan ɗakina suna cikin akwati a saman durowa. Gidan namu na hayar hukuma ne, can sama a wani dogon gini mai launin toka, da baranda doguwa da ta bi gaban ƙofofinmu duka. In Malam ya fita da safe, abin da nake ji shi ne ƙwanƙwasar ruwa a cikin hita mai ɗumama ɗaki, da kukan lif, da karon kwalaben madara a bakin ƙofofi. Akwai kuma wata 'yar ƙofar ƙarfe a bangon matakala da ake zura shara, ta gangara har ƙasa. In wani ya jefa abu mai nauyi sai ka ji yana ta rugugi yana sauka, har ya yi shiru. Ni da na tashi a gidan da tun asuba ake jin turmi da tsintsiya da gardamar kaji, wannan shi ne abokin hirata. Tsoro nake ji na komai, na murhun gas, na ƙararrawar ƙofa, na cikin da ke jikina.

Wata rana na fito zubar da shara sai na hango jan kara a wata taga. Na matsa. Yakuwa ce, wallahi, a cikin gwangwanin tumatir, ganyenta manne da gilashi. Na daɗe a tsaye ina kallo har aka ɗaga labule, wata tsohuwa mai faɗi ta leƙo, ta ƙare mini kallo, ta buɗe ƙofa.

"Kai, ɗan Hausa ne?" ta ce. "To tsayuwan me ka ke yi kaman ɓarawo? Shigo, ka na sa mani sanyi."

Mutuniyar zangon Kumasi ce, Hausarsu ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne a bakinta. Mma muke ce mata. Ɗakinta wari yake na ƙasa mai laima da daddawa, kuma duk inda haske yake faɗowa akwai gwangwani a wurin. A ranar ta tsinka mini ganyen yakuwa na tauna, tsamin ya hau mini har kunne, na fashe da kuka, ita kuwa ta yi kamar ba ta gani ba ta ci gaba da juya tukwanenta.

Ashe ba ita kaɗai ba ce. Matanmu da ke ginin da na kusa da shi duk ta koya musu, ta taga ma ake gane gidan namu. Ba mu da tukwane irin na yanzu. Gwangwanin madara ne, da bokitin fenti, da robar man gyaɗa, a huda gindin da ƙusa a ɗora a kan tsohon faranti. Ƙasa kuwa a buhu ake sayo ta daga shago, abin da na rubuta wa mahaifiyata ta ce a daina yi mata ƙarya. Iri ba a saye. Duk wadda ta je gida ko aka yi mata baƙi, sai ta dawo da ɗan ƙulli a cikin safa ko a tsakiyar garin kuka, mu zauna a falon Mma a baje a kan faifai a raba, alayyahu da rama da attarugu da tafasa. Gwaza kuwa daga kasuwar Deptford take sayowa, ba don ci ba, ta binne a bokiti don ganyen. Muna ba su ruwan wankin shinkafa, da ganyen shayin da aka gama da shi, da ɓawon ƙwai a daka. Mma ba ta yarda a ba shuka ruwa da ido ba. Cewa take a tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa, in ta manne a bari, in ta zube a zuba. In sanyi ya shigo kuma, kullum da yamma kafin duhu sai a janye gwangwanayen daga jikin gilashi, don gilashin yana cin ganye, da safe a mayar. Ba wani abin kirki muke samu ba. Akwai shekarar da kuɓewar wata a cikinmu ta yi ɗa guda tal, aka yi ta zuwa kallonsa kamar an yi haihuwa, aka ce a yanka rago. Daga ƙarshe aka yayyanka shi a miyar kuka kowaccenmu ta rantse ta ji yauƙinsa. Yanzu 'yata in shukarta ta yi rawaya waya take nuna wa, wayar ta gaya mata ciwon. Mu sai dai a ɗauko gwangwani a rungume a bi baranda a ƙwanƙwasa ƙofa, a shiga a zauna, a yi maganar ganye, daga nan a gangaro kan miji da gida da abin da ke damun mutum na gaskiya.

A asibiti na haihu, cikin fitilu da mutanen da ban sani ba. Da aka fitar da mabiyiya na ga an sa a kwano an yi waje da ita. Na yi ta nuna ƙofa ina haɗa Turancin da ban iya ba, nas ɗin tana murmushi tana shafa mini kai. Na gaya wa Malam ya karɓo, ya ce in rufa masa asiri, camfi ne, nan ba a yin haka. A gidanmu ungozoma ce take wanke ta, a haƙa rami a bayan ɗakin mahaifiyata, a gindin wani zogale, a binne, in cibiya ta faɗi ita ma a kai ta can. Ni da yayyena da ƙannena duk muna wurin, can cibiyoyinmu suke. Mahaifiyata takan ce duk inda ɗa ya yi yawo, wurin nan yana jansa. Ban san ko haka ne ba, amma da shi na tashi.

Mma ce ta yi mini wankan jego, a baho, da ruwan butar lantarki da tawul, tana mita wai ruwan ƙasar nan ba ya riƙe zafi. Ranar da cibiyar ta faɗi ita ta tsince ta a cikin zani. Ta tambaye ni ko ina da wani iri daga gidanmu. Na ɗauko 'ya'yan zogalen da mahaifiyata ta ƙulle mini ranar da zan taho, na wannan bishiyar ta bayan ɗaki, masu 'yan fararen fukafukai. Mma ta cika gwangwanin madara da ƙasa, ta tura cibiyar can ƙasa, ta sa irin a sama, ta yi bisimilla ta rufe. Ta ce ajiya ce muka ba ƙasar. Ranar da za mu koma, in juye gwangwanin, in ƙulle ƙasar a tsumma, in kai wa mahaifiyata ta zuba a inda ya kamata. Abin da zan yi kawai shi ne in riƙe shi da rai har baɗi. Malam bai san abin da ke ciki ba, don na riga na ji amsarsa a asibiti.

'Yar fari ce, shi ya sa har a takardar nan ba zan iya rubuta sunanta ba. Da a gida ne, kakarta ce za ta ɗauke ta, ni in kau da kai kamar ba ni na haifa ba. A nan babu mai ɗauka. Ni da ita muke yini, ina kai yatsa hancinta in ji ko tana numfashi, ina taɓa goshinta har hannuna ya daina bambance zafi da sanyi. Amma a gaban babba kamar Mma kunya ba ta barina in ce yarinyar nan ba ta da lafiya. Sai in rungumi gwangwani, ita kuma a bayana, in je in ce, Mma, zogalen nan kamar ganyensa ya yi laushi. Ta karɓa ta jujjuya, ta ce lafiyarsa lau, sannan ta ce in sauko mata da mutumin bayana ta gani. Ta taɓa maɗigarta, ta leƙa bakinta, ta ce haƙori ne. Haka muka yi ta yi. Zogalen ya tashi siriri, dogo, yana karkata wajen haske, ina juya shi kullum don kada ya gurgunce. In ya yi sabon ganye hankalina ya kwanta, in ya zubar da ɗaya ranar ba na iya cin abinci.

Ana cikin haka aka kawo wa wani maƙwabcinmu mata daga gida, a ƙarshen lokacin zafi. Amarya muke ce mata, sunan ya bi ta har ta bar ginin. 'Yar manoma ce, mai fara'a, hannunta yana da albarka, ko tsinke ta soka sai ya yi toho. Tana yi mana dariya wai mu da gonakinmu na gwangwani, in babanta ya gani sai ya yi mana zakka. Mma ta so ta ƙwarai. Da aka aiko mata ɗan'uwanta ya rasu a Kumasi, tsakiyar sanyi, sai ta bar wa Amarya mukullinta ta tafi. Ta koya mata komai, ruwa kaɗan, a janye daga gilashi, kada a ɗora a kan hita. Ba wanda ya yi mata maganar rana, don a watannin nan ba wanda yake sa ran ganinta.

Bayan tafiyar Mma ƙirjin yarinyar ya kama, numfashinta yana fito, aka kwantar da mu a asibiti. Na bar wa Amarya nawa mukullin ni ma. Muna can, bayan an yi makonni sama a rufe kamar murfin tukunya, sai aka wayi gari rana ta fito tarwai, sama shuɗi fes babu ko ɗigon gajimare. Ni da na riga na ci sanyi ɗaya a ƙasar na san irin wannan ranar. Haske ne kawai, babu wuta a cikinta, kuma ranar da ta fi kyau ita ce darenta ya fi mugunta. Amarya ba ta sani ba. A inda ta fito, in rana ta fito to rana ce. Tausayin shukokin ya kama ta, ta ce bayin Allah sun daɗe a kulle. Ta yi ta jigila, nata da na Mma da nawa, ta jera su a baranda su sha rana. Da yamma ta duba sama ta ga babu hadari, ta ce bari su kwana su sha raɓa kamar yadda ake yi a gida. Da safe ta fito ta tarar da wani farin abu kamar gishiri a kan komai, ƙasar gwangwanayen ta daskare kamar dutse. Kafin hantsi ganyen duk sun yi baƙi sun lanƙwashe kamar an dafa. Tana kuka ta kwashe na Mma ta mayar, nawa kuma kunya ta hana ta shiga da shi, ta ajiye a bakin ƙofarmu.

Duk wannan daga baya na ji. Abin da na sani shi ne an sallame mu, yarinyar ta warke, na shigo gida ina hamdala, na duba taga. Gwangwanin ba ya nan. A wurinsa wata farar tukunyar roba ce, da wata shuka mai dogayen ganye sirara masu farin layi a tsakiya, ta zubo wasu 'ya'ya a kan zare kamar gizo-gizo. Malam yana tsaye yana murmushi, yana jira in yaba.

"Malam, ina gwangwanin?"

"Sanyi ya kashe shi. Na ce kada ki dawo da mara lafiya ki tarar da mushe, sai na zubar. Ga wannan, mai shagon ya ce ita ba ta mutuwa."

"Da ƙasar ka zubar?"

"To me za ki yi da ƙasar?"

Na gaya masa abin da ke ciki. Murmushin ya tafi. Ya dubi tagar, ya ce da na gaya masa tun farko. Na ce da ya ce camfi ne.

"Da na ce," in ji shi. "Amma da ban zubar ba."

Har ya koma ga Allah ban san ko gaskiya ya faɗa ba. Ban ko kwance goyon ba na fita. Lif ya ƙi zuwa, na bi matakala, ina wuce 'yar ƙofar ƙarfen nan a kowane hawa. A ƙasa akwai ɗakin da sharar take faɗawa cikin manyan durom na ƙarfe. Na tarar da su wayam, an wanke, suna warin magani. Mai kula da ginin, wani dattijon Bature, yana jan tiyo. Da hannu da 'yan kalmomina na tambaye shi, ya ce mota ta zo da safe. Na ce ina ake kaiwa. Ya nuna can wani gefen gari da haɓarsa, ya ce ƙonawa ake yi. Ya ga ban motsa ba, ya tambaya ko zobe ne ya faɗa. Na ce a'a. Me zan ce masa?

Da Mma ta dawo ba ta yi wa Amarya faɗa ba. Ta bi gwangwanayenta ɗaya bayan ɗaya tana kankare kara da farce, ta zubar da yakuwa da attarugu da gwaza. Ita ma tana da zogale, ya zama busasshen tsinke, amma shi ba ta zubar ba, ta yanke shi daga ƙasa ta tura bayan labule. Da zafi ya shigo na je gidanta, na ga tana ta tsayawa tsakanina da taga, tana ja na da hira. Na kewaye ta na ɗaga labulen. Ga toho nan kore shar ya fito daga gindi. Ashe zogale yana da saiwa mai kauri a ƙasa, in sama ta mutu ba lallai ne ƙasa ta mutu ba. Dare ɗaya suka kwana a baranda, nata da nawa, kafaɗa da kafaɗa. Ta ce za ta yankar mini reshe in ya girma. Na ce ta bar shi, ba itacen nake nema ba.

Amarya ba ta ƙara shuka komai ba. Mukan gaisa a lif, ta sunkuyar da kai, ni kuma in kau da nawa, don na san alheri ta yi niyya, kuma sanin hakan bai rage mini komai ba. Shi ma Malam alheri ya yi niyya. Ban samu wanda zan kama da laifi ba, sai haushin ya zauna mini a ciki ya ƙi fita. Zaman falon Mma ya ci gaba amma ni na ja jiki. Baɗi kuwa bai zo ba. Muka je ziyara, muka dawo. Mahaifiyata ta rasu, aka raba gidan, wanda bayan ɗakin ya faɗo a kasonsa ya sare zogalen ya yi shago, aka dafe wurin da siminti, da mu duka a ƙarƙashi. Mma ta koma Kumasi ta rasu a can. Malam a nan aka binne shi, cikin ƙasa mai ruwa. Ginin namu na Tottenham ma an rushe, an yi wasu masu gilashi da ba a buɗe tagoginsu sosai, ba a kuma yarda a ajiye ko takalmi a baranda.

Shukar Malam ce kawai ba ta tafi ba. Mai shagon bai yi ƙarya ba. Na yi watsi da ita, na bar ta a jikin gilashi cikin sanyi, na yi tafiya na bar ta ba ruwa, ban taɓa tura mata yatsa ba, sai dai in zan zubar da ragowar shayi in watsa mata. Ba a miya da ita, ba a magani da ita, ba ta ƙanshi, sai haihuwa. Yarinyar ta tashi tana sonta. Ta ciri 'ya'yanta ta kai makaranta, ta tafi da su jami'a, ta kai gidan aurenta, rabin abin da ke falonta jikokin wannan tukunyar ne. Na taɓa ji tana gaya wa ƙawayenta wai ita ce shukar gidanmu, ta gado. Ban gyara mata ba, kuma ban taɓa ba ta labarin gwangwanin ba, ba a irin wannan hira da 'yar fari. In na ce mata ya kamata mu je gida, sai ta ce wane gida, cikin ladabi, da gaske take tambaya. Na san Malam zai ce camfi ne, yaran da aka binne cibiyarsu a tsakar gida ma sun watse a duniya. Ban musa ba. Ni dai na san abin da aka ba ni ajiya, na kuma san inda ya ƙare.

Ranar nan da na dawo daga gidanta na zauna na kwance gefen mayafina, na ajiye cibiyar jikata a tafin hannu. Na yi ta lissafin wanda zan aika wa. Babu bayan ɗaki, babu zogale, babu wadda za ta karɓa ta san abin da ake yi da ita. Babu kuma ƙofar da zan ƙwanƙwasa in ce ganye ya yi laushi. A duk gidan, ƙasa ɗaya ce da ni, ta cikin farar tukunyar nan. Na ɗaga ganyen, na tura yatsa har gaɓa, ƙasar ta zube, a bushe take ƙamas. Na zurfafa ramin, na sa cibiyar, na yi bisimilla na rufe. Ban ce ajiya ba ce, don babu wanda zai zo karɓa. Na wanke shinkafa, ba don ina jin yunwa ba, na kawo ruwan na zuba mata a hankali har ya fito a faranti. Sama a buɗe take ranar, shuɗi fes. Kafin duhu ya yi na tashi na janye tukunyar daga jikin gilashi.